Takardar Ɗan Fari

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Duk wanda ya zo rumfata a kasuwar Gaya, ya karɓi dabinonsa, ya kurɓi zamzam, sai ya gyara zama ya jefo tambayar da ta kawo shi. Me ya sa alhazan garin nan suka dawo tun da wata huɗu ni ban dawo ba? Me ya sa na dawo a rame, ba haƙorin Makka, ba darduma, ba ko akwatin ƙarfe? Wasu sun ce aure na yi a can. Wasu sun ce kurkuku aka sa ni. Liman ma, da ya kamata ya tsawata, cewa ya yi shi dai ya ji an ce ɓata na yi a Mina. Na gaji da maimaitawa, ga ɗinkin mutane yana taruwa a kaina, saboda haka na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Wasiƙa ce ta tashe ni. Ƙanena Sale, uwa ɗaya uba ɗaya, ya bar gida a ƙafa tun yana saurayi, ya nufi Gabas, shekara ashirin da 'yan kai ke nan ba mu sa shi a ido ba. 'Yan shekaru bayan mulkin kai sai ga wani alhaji ya kawo mini takardarsa da ajami. Rabin farko gaisuwa ce, har da mutanen da suka daɗe a kabari. A rabi na biyu ya ce ya samu takardar zama ɗan ƙasa, wadda suke kira taba'iyya, amma kansa kaɗai ya iya biya wa. Yana da 'ya'ya biyar, kowanne sai an shigar da shi a takardar uba, kowanne da kuɗinsa. Babban kuwa ya kusa wuce shekarun da ake shigar da yaro. In ya wuce, ya zama baƙo a garin da aka haife shi, ba makaranta, ba aiki, kuma duk ranar da motar kwasar marasa takarda ta ritsa da shi sai jirgin ruwa. Saboda haka yana roƙona in sayar da rabonsa na gonar babanmu in kai masa kuɗin da hannuna.

Ya jera sunayen yara huɗu, na biyar ya rubuta "da yaron nan". Na yi murmushi, na ce Sale bai ɓata ba. Ɗan fari ke nan, kuma mu a gidanmu mutum ba ya kama sunan ɗan farinsa ko da wuƙa a wuya.

Na sayar da gonar, rabona da nasa. Da yake ni tela ne, ban yarda da aljihu ba, ban yarda da jaka ba. Na farke shafin babbar rigata, na jera takardun fam a ciki, na mayar na ɗinke da hannu, ɗinkin da ko ni da na yi shi sai na laluba. Na yi sallama da matata, na hau babbar mota mai bodin katako zuwa Maiduguri, ina zaune a kan buhun barkono ina atishawa har Potiskum.

A Maiduguri na haɗu da Malam Tanko, mutumin Dutse, wanda ya kwaso gidansa kaf zai koma Makka da zama. Yana da mata ɗaya mai tsohon ciki da 'ya'ya bakwai reras, kamar an jera kwanuka. Mutumin kirki ne, sai dai duk inda mota ta tsaya sai ya ƙirga yaran da ƙarfi, kuma duk ƙirgar da zai yi sai ya samu shida, domin yana mantawa da wanda ke kan kafaɗarsa. A wurinsa na fara gane cewa da zarar ka bar gida, ɗa kaya ne da ake biya wa kuɗin fito. A bakin kogi kafin mu haye zuwa Fallomi, jandarma ya ƙirga kawuna, aka biya. A Abashe wani mai gajeren wando ya sake ƙirgawa, aka biya. Ba wanda ya tambayi ko yaran sun ci abinci.

Ni kuwa kaina ɗaya nake biya wa in wuce ina tsokanarsa, ina cewa Malam da ka sani ka bar rabi a gida. Yana dariya, ina dariya. Tawa dai ba ta kai ciki ba. Shekarata ashirin da takwas da aure, Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma da na samu ko ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan da na biya masa fito a kowace gada ta duniya ina godiya.

A Jinaina, bakin ƙasar Sudan, aka tsare mu kwana goma sha ɗaya saboda allura. An yi mana a Kano, muna da kati, amma ma'aikacin ya juya katin sama da ƙasa ya ce allurar Kano ba ta aiki a ƙasarsu. Aka sake tsire mu. Muna cikin wannan jira matar Malam Tanko ta sauka. Mutumin da ya shiga layi da bakwai ya isa gaban tebur da takwas, ma'aikacin ya leƙa cikin zane, ya ce masa mabruk, wato barka, ya ƙara kai ɗaya a lissafi. Jaririn ko suna ba a raɗa masa ba, amma hukuma ta riga ta san da zamansa.

Abincin Sudan sai a hankali. Suna da wata aba wai kisira, shimfiɗaɗɗiya, siririya kamar akoko, mai tsami, ana dangwala ta a miyar busasshiyar kuɓewa. Ranar farko na ce wannan ai gwajin tuwo ne, ina tuwon? A Fashir na daina tambaya, a kan jirgin ƙasa kuwa har ƙari nake nema. Shayi kam ba a magana. Mutum zai tare ka bai san ka ba, ya rantse sai ka sha, ka sha, ka taka ƙafa goma wani ya sake rantsewa. In ka ƙi ka yi zagi. Mu da muke cika baki da karɓar baƙo, gara mu rage murya.

Daga Hartum muka gangara bakin teku, aka sake tsare mu a karantina, wato wurin killace matafiya, a Sawakin, sannan aka loda mu a jirgin ruwa. Yadda cikina ya yi a Bahar Maliya ba zan rubuta ba, mata za su karanta. Abin da zan faɗa shi ne ranar da aka yi shela cewa mun kusa miƙati, kowa ya tuɓe ɗinkakken kaya ya ɗaura harami. Sai a lokacin hankalina ya dawo jikina. Ni tela, na yi wata uku ina alfahari da ɗinkin da ba mai gane shi, ban taɓa tuna cewa zan shiga Makka da ƙyalle biyu marasa ɗinki ba. Haka na zauna a tsakiyar jama'a da reza ina farke rigata, takardun fam suna fitowa a jiƙe da gumin ƙasa uku, suna wari kamar jima. Asirin da na ɓoye wa ɓarayin hanya na baje shi a gaban mutum ɗari. Iska ta ɗauki fam guda ta jefa a teku ina kallo. Malam Tanko ya ba ni tsohuwar lalitarsa na ɗaura a ƙugu, ya ce shi ba abin da zai sa a ciki, masu ƙirga sun gama da shi. A Jidda muka rabu, ya tafi yana ƙirga bakwai.

Ganin Ɗakin Allah ba na wasa da shi, kuma ba ni da bakin faɗarsa. Na yi kuka, shi ke nan. Aikin hajji ma Allah ya karɓa mana, ba shi ne labarin ba.

Sale yana zaune a unguwar Rusaifa a Makka, a wani lungu na gidajen kwano da katako inda za ka ji Hausar Kano, ta Sakkwato da ta Damagaram duk an kwaɓa su da Larabci. Na same shi ya yi furfura ya fi ni tsufa. Sana'arsa tsire, ɗan malam guda, kuma Larabawa suna layi a kansa suna lashe yatsu. Matarsa Rakiya Bahaushiya ce haihuwar Sudan, doguwa, mai baki kamar almakashi. Yaran suka fito gaishe ni. Ina jiran su durƙusa, sai suka yi ta kama hannuna suna sumbata, ƙaramar ma ta haye cinyata ta ja gemuna. Ba mai ce mini Baffa, sai Ammi.

Na ga babban, Umaru. Dogo ne, mai shiru, idonsa irin na babanmu sak. Hausarsa a karye take, yana jin ta sarai amma in zai yi sai ya tsinto kalmomin ɗaya bayan ɗaya. An yi masa alkawarin gurbi a makarantar koyon malanta, takarda kawai ake jira. Babban abokin gabar gidan kuwa gashin bakinsa ne. Ya fara tsiro, kuma kowace safiya Rakiya za ta zaunar da shi ta bi shi da reza, tana faɗa da gashin kamar yana jin ta, wai ya dakata har a gama waraga. Takarda ke nan a bakinsu.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne al'adar mutanen can. Mu muna ɓoye sunan ɗan fari, su kuwa da shi suke kiran uban. Tun daga bakin lungu za ka ji ana ƙwala wa Sale kira, ya Abu Umar, mai ruwa ya kira, mai burodi ya kira. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya amsa ciki-ciki kamar wanda aka kama da satar kaza. Shekara goma sha bakwai yana shan wannan. A gida kuma yana nan yadda aka rene mu: ba ya cin abinci da yaron, ba ya kiran sunansa, in Umaru ya shigo ɗaki shi sai ya tuna yana da aiki a waje. Na yaba masa ƙwarai. Na ce ga mutumin da ya riƙe tarbiyya a bakin duniya.

Da aka watse daga hajji, ofisoshi suka buɗe, muka shiga neman takarda. Jama'a, ku da kuke kukan tsadar ragon suna, ku gode wa Allah. A can sai ka haifi ɗa, ka yi masa suna, ka rene shi, sannan ka je ka saye shi daga hannun hukuma. Da farko akwai marubuci a ƙofar ofis, yana zaune ƙarƙashin laima da ɗan akwatinsa, shi ke rubuta takardar roƙo. Na ce ya rubuta ɗaya ya jera yaran biyar, tunda ubansu ɗaya. Ya dube ni kamar na ce ya yi sallah ba alwala. Kowane yaro da takardarsa, kowace takarda da kan sarkinta, kowane kan sarki da ɗan'uwansa da ake liƙawa a gefe don kada ya ji kaɗaici. Sai mai hoto. Sai likita da zai ƙiyasta shekaru, wanda ya buɗe bakin Umaru ya duba haƙora yadda ake duba rago a kasuwa. Sai umda, wato mai unguwa, da hatiminsa. Sai shaidu biyu 'yan ƙasa, dattawa masu mutunci waɗanda ba sa karɓar ko kwabo, illa dai ba sa iya shaida da yunwa. Kullum sai an saya musu wake da burodin tanderu da shayi, mu je, a ce mana bukra, wato gobe, mu dawo. Goben nan ta ci wake ya fi tiya biyar.

Sannan ga ainihin kuɗin shigarwa, kai da kai, ba ragi. Hafsatu 'yar shekara uku, wadda ba ta san ma a wace ƙasa take ba, kuɗinta ɗaya da na Umaru mai aski. Na tambayi marubucin ko ba a yi wa mai biyar sauƙi, yadda in ka sayi yadi da yawa ake yi maka. Ya ce wannan hukuma ce, ba kanti ba. Na ce na gani, a kanti ai ana ba ka kayan ka tafi da su ranar. Kafin a kira mu gaban tebur, gonar babanmu ta narke saura abin shan shayi.

Ranar da aka kira mu, Sale ya ce lalle in shiga tare da su, ni ne babba, girmana ne. Na sa rigata da na mayar wa shafi, na shiga gaba ina baza hannu. Ma'aikacin saurayi ne mai tabarau, fanka tana juyawa a kansa, bai ɗago ya dube mu ba. Yana kiran yaro, ya tambayi Sale da Larabci ko wannan ɗansa ne, Sale ya ce aiwa, wato eh, ya buga hatimi. Huɗu suka wuce lafiya. Aka zo kan Umaru.

Ma'aikacin ya yi tambayarsa. Sale ya sosa ƙeya. Ya dubi ƙasa, ya dubi fanka, ya saci kallona. Da ba na wurin, wataƙila da ya runtse ido ya amsa. Amma ga yayansa a tsaye, wanda ya goya shi, a ce ya buɗe baki a gabana ya ce wannan ɗana ne? Ma'aikacin ya sake tambaya da ɗan zafi. Sai Sale ya nuna ni da hannu, ya faɗi abin da kowane mai kunya a Gaya zai faɗa, ya ce ɗan yayana ne.

Ma'aikacin ya ɗago kai a karon farko, ya dube ni. Larabcina na allo ne, amma ya isa wannan. Na gyara tsayuwa, na dafa kafaɗar Umaru, na ce, "Na'am. Waladi." Ɗana ne.

In an tambaye ni zan ce al'ada na bi, kuma gaskiya ne, ɗan ƙanenka ɗanka ne, ba a musu. Amma ban ɓoye muku ba, daɗi na ji. Ban taɓa faɗin kalmar nan a gaban hukuma ba, kuma ta zauna a bakina daram.

Ya nemi takardata, na miƙa masa fasfon alhazai da hannu biyu. Ya yi rubutu mai tsawo, a tasa takardar da kuma cikin fasfona, ya buga hatimi har biyu. Ina murna an gama, sai na ga shaidunmu suna zamewa ta ƙofa, na ga fuskar Umaru ta yi fari fat. Sale ya fassara mini. Wai yaron ɗan alhaji ne baƙo, ba ya shiga takardar ɗan ƙasa. Wai yunƙurin cusa ɗan wani a takarda laifi ne babba, amma ya yi mana afuwa saboda furfurarmu. In wa'adin alhazai ya cika, yaro ya bi ubansa su koma inda suka fito. Kuɗin da aka biya kuwa ya shiga, ba ya fita.

Sale ya shiga rantse-rantse yana bayani. Ma'aikacin ya ce mutum ya tsaya a gaban shaidu ya ce ba ɗansa ba ne, wani ya tsaya ya ce nasa ne, shi me ya rage masa? Abin da aka rubuta sai alƙali ya warware. Ya kira na gaba.

A bakin titi Umaru ya riƙe hannun rigata. Ya daɗe yana haɗa kalmomin kafin ya ce, "Ammi, billahi, gaskiya kai ne babana?"

Na yi dariya na ce wace irin magana ce wannan. Bai yi dariya ba. Ya ce tun yana ƙarami yake zargin haka. Uban kowa a lungu yana kiran ɗansa, yana riƙe hannunsa zuwa Harami, yana zama ya ci abinci da shi. Shi nasa bai taɓa kiran sunansa ba ko sau ɗaya, sai kai, sai wancan. Ya ce ya ɗauka ko ya yi wani laifi ne da ba a gaya masa ba, yau kuma ya ji dalili. Abin da na yi ta yabo a matsayin tarbiyya, ashe yaron nan shekara goma sha bakwai yana haɗiyarsa a matsayin ƙiyayya, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya fassara masa.

Rakiya kam ba ta tsinto kalmomi. Ta tsaya daga bayan labule, don duk bakinta tana da ladabi, ta ce, "Yaya, don Allah kunyar nan taku ta Gaya, bikam? Nawa ake sayar da ita? Na ga ta ci gona guda, yanzu kuma za ta ci mini ɗa."

Kuma a nan ne zan faɗi abin da ban gaya wa kowa a rumfa ba. Kwana biyu na yi ban ce a je wurin alƙali ba. Ina buɗe fasfona ina duba sunan yaron a ƙarƙashin nawa. Ina hango shi a Gaya, a kan keken ɗinki na biyu a gefena, mutane suna wucewa suna cewa Alhaji da ɗansa. Na ce a raina ai ba ni na rubuta ba, hukuma ce. Yaron da bai taɓa ganin damina ba, bai san kowa a garinmu ba, makarantarsa tana jiransa, ni ina can ina auna masa wuyan riga.

Rana ta uku da la'asar na je wurin tukubar Sale. Yana juya nama, idonsa jawur, ya ce hayaƙi ne. Ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Yaya, in kana son sa ka tafi da shi. Ai naka ne. Ni ban isa in hana ka ba." Yana faɗa tsiren yana ƙonewa bai sani ba. Kunya ta kama ni, ta gaske, ba irin wadda muka kai ofis ba. Na ce ya rufe mini baki, ya juya namansa, gobe da sassafe mu je wurin mai laima.

Marubucin ya tarbe mu da fara'a kamar ya ga 'yan'uwa. Warware magana ta fi ƙulla ta tsada. Sabuwar takardar roƙo, sabon kan sarki, takardar shiga gaban alƙali, takardar da za ta bar ni in zauna bayan alhazai sun tafi tunda ni ne mai laifi kuma ni ne shaida, sannan kuɗin shigar da Umaru daga farko, kamar ba a taɓa biya ba. Shaidunmu ma suka dawo da yunwarsu. Ba gona ta biyu da za a sayar. Na sayar da agogona da tsarabar da na fara tarawa, na samu wani tela mutumin Yaman a unguwar Utaibiyya ya ba ni keke a shagonsa. Wata huɗu ina ɗinka wa Larabawa farar riga mai wuya kamar na kwalba, ba aiki, ba ado, ɗinkin da a gida ko sabon koyo ba zan ba ba. Ina taka keke, Rakiya tana aski, kwanaki suna tafiya. Ramar da kuke tambaya, a can na samo ta.

Alƙalin tsoho ne mai jan gemu. Ya sa aka bayyana masa al'adar tamu, ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko a ƙasarmu in mutum yana son abu sai ya ce ba nasa ba ne. Na ce ranka ya daɗe, kusan haka ne. Ya girgiza kai. Ni aka fara rantsarwa. Na ce yaron nan ba ni na haife shi ba. Ya tambaya ko ina da wasu 'ya'yan da za a iya rikita shi da su. Na ce ba ni da kowa, ban taɓa haihuwa ba. Wata huɗu na yi ina taka keke don in sayi damar faɗin wannan a gaban mutane. Aka ja layi a kan sunan da ke cikin fasfona, na koma bakin ƙofa na tsaya.

Aka kira Sale. Alƙali ya ce ya dafa yaron, ya faɗi sunansa, ya faɗi abin da yake a wurinsa, da murya yadda kowa zai ji. Sale ya ɗora hannu a kafaɗar Umaru kamar mai taɓa tukunya a kan wuta. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya waiwayo ya dube ni, na harare shi harara irin ta yaya. Larabcin da ya yi shekara ashirin yana ciniki da shi ya gudu ya bar shi, sai da Hausa maganar ta fito, can ƙasa.

"Umaru ne. Ɗana ne. Ni na haife shi."

Ba mu ɗauki tafinta ba, don shi ma da kuɗinsa. Alƙali ya dubi Umaru ya ce ya gaya masa abin da mutumin ya ce. Umaru ya ce bai ji ba.

Ƙarya yake yi. Ni da nake bakin ƙofa na ji, balle shi da bakin yake kusa da kunnensa. Sale ya sake faɗa, da ɗan ƙarfi. Umaru yana kallon bango, hawaye yana bin fuskarsa, ya ce wallahi har yanzu bai ji sosai ba. Alƙali ya dube shi, ya dubi uban, ya ajiye alƙalami, ya ce shi ma kunnensa ya tsufa, a ƙara.

A na ukun har masu jiran shari'a a waje sun ji. Alƙali ya buga hatimi, aka shigar da Umaru a takardar ubansa, saura sati biyar shekarunsa su wuce. Sale ya fita da sauri bai waiwayo ba, Umaru ya bi shi a baya har titi, yana tambayarsa da karyayyar Hausarsa wai me ya ce ma a ciki.

Ni kuwa aka tare ni a bakin ƙofa, wai ba a biya kuɗin hatimi ba.